Laujen da Ya Karye a Kalgo

Duk wanda ya yi yankan shinkafa a fadamar Kalgo a shekarun tamanin ya san laujen Albarka, ko da bai taɓa ganin Albarka da idonsa ba. Lauje ne da ake saya sau ɗaya a yi kaka uku ko huɗu da shi, sai dai ƙota ta gaji a sake wata. Mai yin sa kuwa maƙeri ne a Gwandu, gajere, kakkaura, da tabon wuta a dantsensa na hagu, da ido ɗaya da kullum yake a ɗan kanne kamar yana auna mutum. Ƙira ya gada, uba da kaka, kuma ba wanda ya taɓa kushe aikinsa. Halinsa ne mutane suke kushewa, su ma a bayan idonsa.

Albarka bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi sau ɗaya ya amsa. In ka ƙara ta biyu, zai shiga gida ya tambayi matarsa Delu me kake nema a wurinsa. In aka ba shi goro sai ya juya shi ciki da bai kafin ya kai baki. Amma abin da ya fi tsana a duniya shi ne mutum da takarda da biro, kuma yana da dalilinsa. Shekaru da suka wuce wani ma'aikacin gona ya zo maƙerarsa, ya yi ta yaba garmarsa, ya auna ta tsawo da faɗi, ya rubuta, ya yi godiya ya tafi. Damina biyu bayan haka sai ga garemanin kamfani sun cika kasuwa, masu araha. Ko akwai dangantaka tsakanin abu biyun nan, Allah kaɗai ya sani. Albarka dai ya yanke hukuncinsa, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. Daga nan ya bar garma ya riƙe lauje, domin a lauje akwai abin da ma'auni ba ya kamawa.

Abin nan shi ne ban ruwa. Kowane maƙeri yana iya dukan ƙarfe ya lanƙwasa shi ya fitar masa da haƙora. Inda ake rabuwa shi ne lokacin da za a tsoma shi a ruwa don ya yi ƙarfi. In an yi daidai, lauje ya yi kaifi kuma ya yi juriya. In an kuskure, ko ya yi laushi ya tanƙware, ko ya bushe ya karye kamar busasshen kara. Albarka da asuba yake yin nasa, bayan ya dawo daga masallaci, a cikin rumfa kafin haske ya shigo, don a duhu-duhu ne ido yake gane launin ƙarfe. Yakan gasa shi har ya yi ja mai duhu irin na busasshen barkono, ya tsoma bakinsa kawai, ba duka ba, sa'an nan ya mayar da shi bisa garwashi a hankali har bakin ya ɗauki launin karan shinkafar da ta nuna. Haka ubansa ya nuna masa, shi ma da asuba, bayan ya shekara tara yana zuga. Ɗansa namiji ɗaya, Abu, bai tsaya ya ga wannan ba. Ya bi mota tun yana saurayi, ya zama direba, sai sallah-sallah ake ganinsa.

A shekarar tamanin da bakwai ne Malam Lawali ya yi sallama a ƙofar maƙerar. Malamin sakandare ne, mutumin Dalijan, siriri mai yawan fara'a, kuma shi aka ɗora wa aikin ba yara shawara kan sana'ar da za su kama. A lokacin an kawo sabon tsarin karatu, an ce kowane yaro ya koyi aikin hannu. An kawo wa makarantar injuna cikin manyan akwatunan katako, aka jibge su a wani aji aka kulle, domin babu wutar da za ta tayar da su. Malam Lawali ya ga shekara tana tafiya yara ba su taɓa ko guduma ba, sai ya yi dabara. Ya rarraba su ga masu sana'a na gari, wasu wurin tela, wasu wurin kafinta, wasu wurin mai gyaran keke, kowace Alhamis da yamma da kuma Asabar. A ƙarshen shekara za a yi gwaji a Kalgo, wanda ya ci a ba shi gurbi a makarantar koyon sana'a, inda gwamnati za ta ciyar da shi ta koyar da shi.

Duk wannan ya bayyana wa Albarka a tsugunne, cikin ladabi. Albarka ya saurara da idon nan a kanne, bai ji komai a ciki ba sai akwatunan injuna.

"Malam, injunan ga da anka kulle, mi suka yi?"

"Iri-iri na, Baba. Akwai na yankan katako, akwai na ƙarhe."

"Na ƙarhe," in ji Albarka, ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya daɗe da sani. "To, ina yaron?"

Yaron yana tsaye a bayan malamin. Dogo ne, fari, mai siririn wuya, shekararsa ba ta wuce sha shida ba, da littafin rubutu a hammata. Sunansa Abdulgani, daga wata ruga kusa da Kambaza. Nan Albarka ya ce a ransa lallai da walakin goro a miya. Tun da yake bai taɓa jin Bafillacen da ya nemi ƙira ba. Su ne masu tsokanar maƙera, su ce ba sa zama kusa da toka. Malam Lawali ya ce annobar tamanin da uku ta share garken uban yaron, saniya biyu ta bar musu, kuma yaron da bakinsa ya zaɓi maƙera. Albarka ya ji, ya kuma ajiye maganar a inda yake ajiye duk wani bayani da ya yi kyau da yawa.

Da zai iya da ya ce a'a. Amma ya lissafa cewa in ya ƙi, za su je wurin wani, ko su dawo da takardar hukuma. Gara ɓarawon da kake gani. Ya nuna wa yaron zuga-zugi ya ce ya zauna.

Abin haushi, yaron ya iya. Cikin wata biyu ya san gawayin ƙirya daga na banza ta nauyinsa a hannu. Ya san riƙon awartaki, ya san yadda ake saran sifirin mota a fitar da tsawon lauje ba a yi asarar ƙarfe ba. In ya ɗaga masaɓa, babbar gudumar ƙira, ba ya dukan uwar maƙera a banza. Yakan riga lokaci zuwa, ya share rumfa, ya ɗebo ruwa. Wani maƙerin da ya gode wa Allah. Albarka kuwa kowane alheri na yaron sai ya zame masa shaida. Ya zo da wuri, to me yake so ya gani kafin a shirya masa? Ya kawo man shanu a ɗan kwano daga uwarsa, Albarka ya karɓa ya yi godiya, yaron na juya baya ya ce Delu ta ba maƙwabta. Ga kuma littafin nan. Da an ɗan huta sai Abdulgani ya goge hannu a wando ya buɗe shi, ya zana, ya rubuta, ya ɗago kai ya ce, "Baba, don mi aka yin hakanga?" Duk ranar Asabar ta ƙarshen wata Malam Lawali yakan biyo, ya karanta abin da aka rubuta yana gyaɗa kai, ya sa hannu a ƙasa. Albarka yana kallonsu ta wutsiyar ido, zuciyarsa tana tafasa.

Ranar da yake jira ta zo a wata na huɗu. Abdulgani ya gama lauje na farko da hannunsa, ya ɗaga shi yana murmushi, ya ce saura ban ruwa, kuma bai taɓa ganin an yi ba.

Albarka ya riga ya shirya amsarsa tun da daɗewa. Ya ce ya matso ya gani da kyau. Da rana tsaka, ya sa yaron ya zuga wuta har ƙarfen ya wuce ja ya koma fari-fari yana tartsatsi, ya cafke shi da awartaki ya dulmuya shi gaba ɗaya cikin ruwan randa mai sanyi. Ruwa ya yi ƙara, tururi ya tashi. Ya ce shi ke nan, sai dai ba a sa wa lauje ƙota ranar da ya sha ruwa, sai ya kwana. Abdulgani ya rubuta kowace kalma. Da asuba Albarka ya ɗauki laujen nan ya sake gasa shi, ya ba shi ruwa na gaskiya, ya mayar da shi daidai inda yaron ya ajiye shi. Da Abdulgani ya dawo ya sa ƙota, ya gwada a kan dami, laujen ya ratsa kamar a cikin man shanu. Yaron ya yi tsalle don murna.

Haka suka yi wata biyar. Yaron ya ba lauje ruwan ƙarya da yamma, maigidansa ya gyara da asuba. Delu ce kaɗai ta gani, don ita take kawo masa kunu a lokacin.

"Malam, yaron ga Baba yaka ce maka," ta ce masa wata safiya.

"Wanda ya auna garmata ma Baba yac ce mani."

"Zato zunubi na."

"Ko da ya zan gaskiya, na sani. Aje kunun ki tahi."

Kada a ce zuciyar Albarka dutse ce. Akwai ranar da ya tsaya yana kallon yaron yana fitar da haƙoran lauje, ƙanana, a jere, babu wanda ya fi wani, ya tuna Abu bai taɓa yin rabin haka ba. A ranar ya yi niyyar ya ce masa ya kwana a gari ya zo da asuba. Maganar tana bakinsa sai ga maƙwabcinsa ya shigo da labari, wai an ga babbar mota ta sauke turakun lantarki a hanyar makaranta. Albarka ya haɗiye maganarsa. Biri ya yi kama da mutum: a ja wuta, a buɗe akwatuna, a buɗe littafin yaro, lauje ya fito ɗari-ɗari. Ya gode wa Allah da bai yi wauta ba. Turakun nan kuwa sun shekara shida a kwance a gefen hanya, awaki suna hawa.

Gwajin na kwana biyu ne, a harabar wata makaranta a Kalgo, bayan an fara yankan shinkafa. Malam Lawali ya gayyaci duk masu sana'ar da suka karɓi yara. Albarka ya ce ba ya zuwa, sa'an nan ya fasa, don yana so ya ga injunan da idonsa, ya kama su dumu-dumu. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya shiga mota a rana ta biyu.

Bai ga inji ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne yara kamar talatin a gindin itatuwa, wani da kujerar da ya haɗa, wani da rigar da ya ɗinka, da malamai uku a bayan tebur. Can gefe ga 'yar maƙerar da Abdulgani ya gina da yumɓu jiya, irin ta Albarka sak, har inda yake jingine awartaki. Ga uban yaron, wani dogon tsoho da sanda a kafaɗa, ya tako tun daga Kambaza. Da ya ji wane ne Albarka sai ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki, yana ta sa masa albarka. Albarka ya duba hagu ya duba dama yana neman inda makircin yake, bai samu ba.

Aka kira Abdulgani. Ya kawo laujen da ya ƙera jiya, ya ba shi ruwa, ya bar shi ya kwana kamar yadda aka koya masa. Malaman suka karɓa suna juya shi, babbansu ya ce bai ga aiki mai tsabta irin wannan ba tun safe. Aka kawo damin shinkafa daga fadama. Albarka yana tsaye taku biyar daga wurin, ya san abin da zai faru kamar yadda ya san sunansa, kuma kalma ɗaya daga bakinsa za ta isa. Bai faɗa ba. Kunya ta riƙe shi, da wani ɗan guntun zato da har a lokacin bai mutu ba.

Abdulgani ya kama dami ya ja. Aka ji ƙas! Rabin laujen ya yi tsalle ya faɗi gaban tebur, rabi ya rage a hannunsa.

Babban malamin ya ɗauki guntun ya duba bakin karayar, ya tambaya wa ya koya masa ban ruwa. Yaron ya dubi ƙasa ya ce:

"Ranka shi daɗe, maigidana laujenai ba shi karyewa, ku tambayi duk Kalgo. Hannuna na yak kuskure."

Malam Lawali ya roƙa a ba shi wata dama, aka ce doka ba ta ba da hali ba, gurbi kaɗan ne, yara da yawa. Tsohon ya saɓa sandarsa ya ce haka Allah ya so. Albarka ya shiga mota ya koma Gwandu. Da ya isa gida Delu ta dube shi sau ɗaya ta ajiye masa tuwo, bai iya ci ba.

Abdulgani ya zo bayan kwana uku ya yi godiya, ya nemi gafara don ya kunyata maigidansa a gaban mutane. Albarka ya ce ba komai. Wannan ce dama ta biyu, ita ma ya bar ta ta wuce. Yaron bai ci gaba da karatu ba, don babu mai ɗaukar nauyinsa. Aka ce ya tafi Kalgo yana dako a wurin masu casar shinkafa. Malam Lawali aka yi masa canjin wurin aiki bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi. Akwatunan injuna kuwa ba a taɓa buɗe su ba a iya sanin Albarka, gara ta cinye katakon.

Shekaru suka tafi, idon Albarka ya fara hazo. Wuta ta shekara hamsin tana cin sa. Da farko launin karan shinkafa ne ya ɓace masa, daga baya jan barkonon ma ya zame masa ja kawai. Laujensa ya fara karyewa a hannun mutane. Masu saye ba su yi masa rashin kunya ba, sun daina zuwa ne kurum. A tamanin da bakwai yana tsoron kada a sace masa abu, a casa'in da shida ga abin a kansa, ba ya iya yin sa, ba kuma wanda ya zo nema.

A shekarar ne ya je Kalgo ta'aziyya. Yana tsaye a bakin tasha yana lalube da sanda, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur ya diro ya durƙusa a gabansa.

"Baba! Ni na, Abdulgani. Hau in kai ka gida."

Ya zama magidanci, da gemu, da 'ya'ya biyu. Ya ɗora tsohon a baya ya kama hanyar Gwandu a hankali, yana kauce wa ramuka, yana ba shi labari da ƙarfi don iska. Ya ce littafin nan yana nan a cikin akwatinsa. Ya ce bayan gwajin bai haƙura ba, ya gina maƙera a bayan rugarsu, ya ƙera lauje goma sha ɗaya, yana bin littafin layi-layi, duka suka karye. A na sha ɗayan ne ya gane gaskiyar mutane, ƙira gado ce, ba ta zama a hannun Bafillace. A maƙerar Baba, albarkar Baba ce take riƙe masa ƙarfen. Ya faɗi haka yana dariya, babu ɗaci ko kaɗan a muryarsa, kuma wannan ne Albarka ya kasa ɗauka.

"Tsaya," ya ce. "Tsaya nan."

Suka tsaya a gindin wata tsamiya. Albarka ya sauka, ya dafa sanda, ya faɗi duka. Ya faɗi mutumin da ya auna garma, da akwatunan, da ruwan ƙarya na yamma, da na gaskiya na asuba. Ya ce hannun Abdulgani bai taɓa kuskure ba, ya fi na ɗan cikinsa, ya fi nasa ma a shekarunsa. Yana magana hawaye suna bin gemunsa, bai share ba.

Abdulgani ya saurara har ƙarshe da kai a sunkuye. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, amma murmushi yake yi.

"Allah shi saka da alheri, Baba. Na san lallashina kaka yi, don ka ga na koma kabu-kabu. Kada ka ɗora ma kanka zunubin da ba ka yi ba sabadda ni."

"Wallahi gaskiya nika gaya maka!"

"Baba, da hannuna nib ba su ruwa, da idona nig ga suna yanka. Wata biyat. Kai ko, mutumin da ya koya mani riƙon masaɓa, ba ka yi mani hakanga."

"To mu tai maƙera. Gobe da asuba in gwada maka, ka gani da..."

Bai ƙarasa ba. Ya tuna idon da zai gwada da shi. Ya ɗaga kai ya dubi inda fuskar Abdulgani take, bai ga komai ba sai inuwa doguwa a cikin hazo.

Abdulgani ya kama hannunsa ya taimaka masa ya hau. Ya kai shi har ƙofar gida, ya shiga ya gaida Delu, ya leƙa rumfar da wutarta ta shekara a mace, ya gyara wa awartaki zama a inda ya saba jingina. Da zai tafi ya durƙusa ya ce Baba ya sa masa albarka. Albarka ya ɗora hannu a kansa, bakinsa yana motsi, ba a ji abin da ya ce ba.